Wane ƙarfe ya dace da bakin doguwar bindiga mai cin harsashin 9mm?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, jihar Texas ta Amurka. Na sayi doguwar bindiga samfurin AR mai cin harsashin fistol 9mm, bututunta inci 16, bakinta yana da zare 1/2x28 (tsagin da ake murɗa ƙarfen baki a kansa), an rufe shi da 'yar hular ƙarfe kawai. Yawanci a rufaffen ɗakin harbi nake atisaye, kuma ina so in fara shiga gasar USPSA, ƙungiyar masu gasar harbi ta Amurka. Wani abokina ya ba ni birkin baki da ya cire daga bindigarsa ta 5.56, na gwada shi da hannu ya hau daidai. In yi aiki da shi, ko in sayi kwamfanseta, ko me kake ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ɗan'uwa, don Allah kwance wannan birkin yau ɗin nan ka mayar wa mai shi. Kada ka harba ko harsashi ɗaya da shi. Zaren 1/2x28 shi ne na 5.56, shi ne na .22, shi ne kuma na yawancin bindigogin 9mm da ake ƙerawa a Amurka yanzu, saboda haka hawan da ya yi bai nuna komai ba. Abin dubawa shi ne ramin da ke tsakiyarsa. Kaurin harsashin 5.56 inci .224 ne, wato wajen milimita 5.7, kuma masu ƙera birki suna matse ramin kusa da wannan kauri domin ya tare iska sosai. Harsashinka kuwa inci .355 ne, wajen milimita 9. Ba zai wuce ba. Zai daki ƙarfen, ko dai ya tsinke shi ya yi gaba da shi, ko ya farfashe ɓaraguzai su watsu gefe inda wani bawan Allah ke tsaye, ko ya ci maka zaren bututu. Ana cewa wannan ne ya sa Colt ta yi wa tata AR mai cin 9mm zare dabam, 1/2x36, don kada ƙarfen 5.56 ya hau ta. Kasuwa ta bar wannan tsari ta koma 1/2x28 saboda salansa, wato na'urar rage ƙarar harbi, sai alhakin dubawa ya dawo wuyan mai bindiga. Duk abin da za ka saya, ka ga an rubuta 9mm ko .355 a jikinsa ko a kwalinsa, sannan kafin ka ɗaura, ka ɗauki harsashi ka zura kansa cikin ramin da hannunka, ƙarfen yana kan tebur. In bai shige a sake ba, ba naka ba ne.

To, mu zo ga ainihin tambayar. Ra'ayina shi ne a kan bututun inci 16 mai cin 9mm, ƙarfen baki ba shi ne zai gyara maka harbi ba, kuma mutane suna kashe masa kuɗin da ya fi amfaninsa. Ga dalili.

Birki da kwamfanseta ba su da wani ƙarfi na kansu. Iskar albarushi da ke biyo bayan harsashi ita ce ke yi musu aiki. Birki yana da bangaye a ciki da tagogi a gefe, iska ta daki bangon ta ja bindiga gaba, dukan kafaɗa ya ragu. Kwamfanseta yana da ramuka ta sama, iska ta fita sama ta danna baki ƙasa. In iska ta yi yawa kuma da matsi, sai su yi aiki mai kyau. Harsashin 5.56 yana ɗauke da albarushi wajen giren 25 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), ana ƙona shi a matsin da ya kai psi 55,000 ko fiye (psi ma'aunin matsi ne). Na 9mm giren 4 zuwa 6 ne kacal, iyakar matsinsa a ma'aunin SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka, psi 35,000, kuma albarushi ne mai saurin ci wanda aka haɗa don bututun inci 4 ko 5. Ƙari a kan haka, faɗin ramin bututun 9mm ya ninka na 5.56 kamar sau biyu da rabi. Ka ga kashi ɗaya cikin biyar na albarushi ke nan, a cikin ɗakin da ya fi girma sau biyu da rabi. Kafin harsashi ya kai inci na 16, albarushin ya daɗe da cinyewa, iskar ta baje, matsin ya faɗi. Kamar tiyon ban ruwa ne a fadama: kusa da inji ruwa yana fita da ƙarfi, can ƙarshen layi kuwa sai tsiyaya. Wannan tsiyayar ce kwamfansetarka za ta samu ta yi aiki da ita.

Sai ka ce to mene ne wannan girgizar da kake ji, wadda ke sa jan ɗigon saitinka ya yi tsalle? Mutane da yawa suna mamakin yadda ƙaramin harsashi ke dukan kafaɗa kusan kamar 5.56, wani lokaci ma ya fi shi rashin daɗi. Sakata ce, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya tokare shi ta baya. Irin bindigarka, in dai ba a rubuta wani abu dabam a takardarta ba, ba ta kulle sakata lokacin harbi. Nauyin sakatar da ƙarfin sifirin ne kaɗai ke riƙe kwanso a wurinsa har matsi ya sauka. Dole ke nan a yi ta da nauyi. Sakata da ƙarfen da ke bayanta a AR mai cin 9mm sukan wuce rabin kilo, alhali na 5.56 wajen giram 400 ne. Kowane harbi, wannan dunƙulen ƙarfe zai ruga baya ya daki ƙarshen bututun sifirin, sannan ya dawo ya daki gindin bututu. Ka lura da ɗigonka a atisaye na gaba: zai ɗaga, sannan ya nutsa ƙasa da inda ka sa shi, sannan ya dawo. Nutsawar nan dawowar sakata ce. Babu ƙarfen baki da zai gyara ta, domin lokacin da take faruwa iska ta riga ta fita. Kwamfanseta mai ramuka da yawa ta sama ma tana iya ƙara danna bakin ƙasa a kan wannan nutson.

Shi ya sa bindigogin da aka san su da laushi ba a baki suka samo laushinsu ba. MP5 ta Heckler & Koch, wadda ta fito tun shekarun 1960, tana jinkirta buɗewar sakata da 'yan gare-garen ƙarfe guda biyu, sai sakatar ba ta buƙatar nauyi sosai. SIG MPX tana kulle sakata, fistin da iska ke turawa ne yake buɗe ta. CMMG ta yi nata tsarin inda kan sakata sai ya juya kafin ya saki. Ruger kuwa, a PC Carbine, ta bar tsarin nauyi amma ta sa dunƙulen tungsten mai motsi cikin sakatar don ya shanye dukan. Duk dabarar a tsakiyar bindiga take. Kai ma a nan za ka sami riba: sifirin da ƙarfen baya da suka dace da harsashinka, da kuma rage tsawon tafiyar sakata, abin da 'yan gasa da yawa ke yi. Amma fa kada ka rage nauyin sakata da ka, domin nauyin nan shi ne makullinta. In ta buɗe da wuri, kwanso zai kumbura ko ya fashe kusa da fuskarka. Sayi kayan da aka yi don 9mm, in kuma kana shakka ka kai wa maƙerin bindiga.

Harsashi ma ya fi ƙarfen baki tasiri. A USPSA, ajin PCC, wato na doguwar bindiga mai cin harsashin fistol, ma'auni ɗaya ake nema, 125: nauyin harsashi a giren, a ninka da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1,000. Mai giren 124 yana buƙatar gudun ƙafa 1,009 kawai, mai giren 147 kuma 851. Harsashin kanti mai giren 115, wanda ke fita daga fistol a wajen ƙafa 1,150, a doguwar bututu yakan haura 1,300. Lissafa ka gani, kana harbin ma'auni 150 a inda ake neman 125. Wannan rarar duka a kafaɗarka take sauka, ba ta ƙara maka maki ko ɗaya. Akwai harsasan da aka haɗa musamman don irin wannan bindiga, kamar Syntech PCC na Federal mai giren 130. Ka bar 'yar tazara sama da 125, kamar 130 zuwa 135, saboda ranar da za a auna gudun harsashinka a babbar gasa.

Ba ina nufin kwamfanseta ba ta da amfani sam ba. Manyan 'yan gasa suna ɗaura ta, kuma ba don ado ba. Wanda ya riga ya daidaita sakatarsa da harsashinsa, yana neman ɗan abin da ya rage, zai ji bambanci kaɗan. Sai dai wani kaso na wannan bambancin nauyin ƙarfen ne kawai a can ƙarshen bututu, kuma nauyi a can yana da farashinsa: juya bindiga daga wannan allo zuwa wancan zai yi jinkiri, tsayar da ita a kan allon ma haka. Da bututunka gajere ne, inci 5 zuwa 8, da maganar ta canza, domin a nan iska tana da sauran ƙarfi, walƙiya da ƙara ma sun fi yawa. Wannan ne ya sa wasu ke huda ramukan a jikin bututun can baya inda matsi bai mutu ba, wasu kuma ke amfani da gajeren bututu da aka yi masa doguwar riga ta alminiyam aka haɗe su har abada don ya cika inci 16.

Yanzu ga inda kake harbi, wanda a wurina shi ne abin da ya kamata ya yanke maka hukunci. Rufaffen ɗaki ne, akwai bango a damarka da hagunka, tazarar kamu kaɗan. Birki mai tagogi a gefe zai watsa ƙara da iska ga bangon nan, su dawo maka, su kuma daki na kusa da kai. Na ga mutum yana koya wa ɗansa harbi a layin da ke kusa da mai birki, duk harbi yaron sai ya ƙifta ido ya ɗaga kafaɗa, har ya ajiye bindigar ya ce ya gaji. Ba gajiya ba ce, dukan iska ne. A irin wannan wuri abin da ya fi dacewa shi ne ƙarfen da ke tura komai gaba, mai kama da ɗan gwangwani, ba shi da rami a gefe sai ta gaba. Kaw Valley Precision da KAK suna yin irinsa na 9mm, kuma ba su da tsada. Ba ya rage ƙarar, ba salansa ba ne, ba ya kuma rage dukan kafaɗa, yana dai karkatar da ƙarar nesa da kunnenka da na maƙwabcinka. Yana da wani amfani in bututu gajere ne kuma rigar da hannu ke riƙewa ta kusa rufe bakinsa: yana fitar da wutar gaba da yatsunka. Abu ɗaya da za ka sani game da shi a gasa, agogon alƙali da ƙarar harbi yake ƙirga lokaci, kuma doguwar 9mm dama ba ta da ƙara sosai. In ka tura sauran ƙarar gaba, agogon yana iya rasa harbinka na ƙarshe. Gaya wa alƙali kafin ka fara don ya matso da shi.

Mai ɓoye walƙiya, irin mai kama da kejin tsuntsu da ake kira A2, a inci 16 kusan ba shi da aikin yi, don walƙiyar 9mm a wannan tsawo kaɗan ce. Yana dai kare zare da gefen bakin bututu in bindiga ta bugi wani abu, ba shi da nauyi, ba shi da tsada. In ka same shi na 9mm, ba laifi. Hular da ta zo da bindigarka ma wannan aikin take yi, illarta kawai tana kwancewa da zafi da girgiza.

Abin da zai canza maka harbi da gaske a baki shi ne salansa, kuma 9mm a doguwar bindiga na cikin abubuwan da suka fi karɓarta. Gudun sauti wajen ƙafa 1,125 ne a daƙiƙa. Harsashi mai giren 147 yawanci yana ƙasa da haka, saboda haka ba ya yin wannan tsawar ta keta iska. A inci 16 wasu samfuran suna matsowa kusa da iyakar, sai ka gwada ka ji, ko ka nemi mai giren 150 zuwa sama. Hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka sun sa decibel 140 a matsayin iyakar ƙara mai fashewa, kuma 9mm ba tare da salansa ba ta wuce nan ko a doguwar bututu. Ji in ya tafi ba ya dawowa, don haka a rufaffen ɗaki ka haɗa matoshi na cikin kunne da na rufe kunne gaba ɗaya, da salansa ko babu.

Tana da sharuɗɗanta. Tana ƙarƙashin dokar tarayya kan makamai ta 1934 da ake kira NFA: sai ka saya ta hannun dillali mai lasisi, ka cika fom na 4, ka ba da hoton yatsu, ka jira amincewar ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai. Harajin dala 200 da aka biya shekara da shekaru an mayar da shi sifili daga 1 ga Janairu 2026, bisa dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025, amma rajistar tana nan. Texas ta halatta, haka jihohi 42 gaba ɗaya. California, New York, New Jersey, Illinois, Massachusetts, Hawaii, Delaware da Rhode Island sun hana. A irin bindigarka mai sakata marar kulle, salansa tana ƙara mayar da hayaƙi da datti ta tagar da kwanso ke fita, za ka ji shi a ido da hanci, kuma wani kaso na ƙarar ta nan zai fito. Sannan salansar fistol tana zuwa da fistin mai sifirin a gindinta, wanda aka yi don bututun fistol mai motsi. Bututunka a kafe yake. Sai ka cire sifirin ka sa zoben ƙarfen da aka yi don kafaffen bututu, ko ka sayi gindi marar sifirin, in ba haka ba za ta riƙa dukan zarenka har ta lalata shi. In kana da niyyar sayenta nan gaba, to ƙarfen da ya kamata ka ɗaura tun yanzu shi ne gindi mai kunnuwa uku irin na MP5: a danna, a juya, ta zauna, kuma ba ta kwancewa da kanta. Game da shiga gasa da ita, karanta kundin dokokin gasar na shekarar da kake ciki kafin ka je.

Tunda mun taɓo doka, abubuwa biyu. Kana da inci 16, kana lafiya. In wata rana ka so bututun inci 14.5, dole a haɗe ƙarfen baki da shi har abada, da fil da walda ko da lidar azurfa mai narkewa a digiri 1,100 na Fahrenheit, jimillar ta kai 16 daga fuskar sakata a rufe. Ƙarfen da ake kwancewa da sifana ba ya shiga lissafi, kuma ƙasa da 16 ba tare da rajista ba babban laifi ne a tarayya. Na biyu, in za ka ƙaura ko ka je gasa wata jiha, duba dokarta. A California mai ɓoye walƙiya yana cikin siffofin da ke sa bindiga ta shiga jerin haramtattu, birki kuma ba ya ciki. A New York, tun dokar SAFE ta 2013, zaren kansa da birki da kwamfanseta duk suna cikin jerin. Masu karatu daga gida kuma su sani duk wannan magana ta Amurka ce: a Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da bindigogin soja masu cin 9mm cikin waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa.

Wajen ɗaurawa, cire gidan harsashi, buɗe sakata, leƙa da ido ka kuma taɓa da yatsa. Bututun za ka kama a bayis da katako ko abin kamu na musamman, kada ka murɗa da ƙarfi alhali jikin alminiyam ne ke ɗauke da murɗin. In akwai zoben roba a bayan hular, cire shi. Goge zaren, fara ɗaurawa da hannu, in ya cije tun zagaye na farko ko na biyu ka tsaya, wataƙila zaren ba ɗaya ba ne. Bindigogin da ke bin ma'aunin Turai, har da wasu samfuran MPX, sukan zo da M13.5x1 na hagu, wanda ake ɗaurewa ta inda ake kwance sauran. Na .40 yawanci 9/16x24 ne, na .45 kuma .578x28. Kwamfanseta sai ramukanta sun kalli sama daidai, ana daidaita wannan da siraran zobba ko da washa mai lotsewa. Amma duk abin da salansa za ta hau kansa, kada ka sa masa washa mai lotsewa, ba ta lotsewa daidai ta kowane gefe, kuma ɗan karkacen da ido ba ya gani a gindi zai zama dukan harsashi a ƙarshen salansa. Siraran zobba kawai, sannan a zura sandar gwaji ta 9mm a tabbatar tana tsakiya. Ƙarfin ɗauri ka bi abin da maƙerin ƙarfen ya rubuta.

Akwai kuma dalma. Harsashi mai rigar jan ƙarfe na yau da kullum gindinsa a buɗe yake, wuta tana narka dalmar, ta je ta daskare a bangayen kwamfanseta haɗe da baƙin toka har ramuka su toshe. Kankare ta aiki ne mai cin rai, kuma ƙurarta guba ce, a yi da safar hannu a wanke hannu kafin a ci abinci. Harsashi mai rufaffen gindi ko mai rufin roba yana rage wannan sosai.

Da ni ne kai, zan bar hular a wurinta in shiga gasa biyu ko uku a haka, kuɗin in sa su a harsashi mai laushi da daidaita sifirin. In ƙarar ɗakin atisaye ta dame ka, sayi mai tura ƙara gaba. In ka ƙudura salansa, sayi gindi mai kunnuwa uku. Kwamfanseta kuma ka ari ta wani, ta 9mm, ka gwada kafin ka biya: allo a yadi 15, harsashi iri ɗaya, harbi bibbiyu da sauri, jeri goma da hula, jeri goma da ita, wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe da waya a yanayin tafiyar hawainiya. Ka auna tazarar rami na farko da na biyu, ka dubi agogo. Duk abin da ka ɗaura a ƙarshe, inda harsashi ke sauka yana iya gusawa, sai ka sake saiti a yadi 25. Bayan harbi biyar na farko ka sauke harsashi, ka bari ya huce, ka haska tocila cikin ramin ka duba ko akwai gogar jan ƙarfe a gefe ɗaya. In akwai, harsashi yana taɓa shi, kwance shi ka kai wa maƙeri ya duba zaren.